Babbar Ruga da Tarihin Takardun Yoyon Fitsari

Duk wanda ya fita birnin Katsina ya miƙi hanyar Batsari, kafin ya yi nisa zai iske Babbar Ruga. Da hantsi za a ga mata zazzaune a kan tabarmi a barandar ɗakunan kwanciya, wasu 'yan mata ne da ba su daɗe da barin gaban iyaye ba, wasu kuma sun manyanta. Da yawansu akwai siririyar roba da ta fito daga ƙarƙashin zane ta faɗa cikin ɗan bokiti, a gefe kuma ga jarkar ruwan sha, domin umarnin likita shi ne a yi ta shan ruwa ba ƙaƙƙautawa don robar kada ta toshe. Mai tashi zuwa banɗaki sai ta ɗauki bokitinta a hannu kamar mai zuwa awon gero. Ba wadda ke kallon wata. A ƙauyukan da suka fito an daɗe ana toshe hanci idan sun wuce, a nan kuwa kowa ciwonsa ɗaya.

Wannan wuri shi ne yanzu Cibiyar Kula da Masu Yoyon Fitsari ta Ƙasa da ke Katsina. Amma tarihinsa ya girmi sunan, kuma wanda ya bi tarihin zai ga yadda ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya a Nijeriya suka koyi rubuta takardar da gwamnati za ta karanta ta yi aiki da ita, da kuma inda har yau alƙalaminsu ke tuntuɓe.

Tun asali Babbar Ruga zangon kutare ce. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, kuturta ta yi yawa a ƙasar Hausa har kutare na da nasu sarkin da nasu unguwanni. A Ingila kuwa, a 1924, wasu likitoci da masu taimako, cikinsu har da Leonard Rogers da ya yi aiki a Indiya, suka kafa ƙungiyar yaƙi da kuturta a ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Ƙungiyar ba ta da ikon ba kowa umarni. Abin da take da shi rahoto ne da shawara, kuma shawararta ita ce a tara masu cutar a wuri guda, a ba su gona, a riƙa yi musu allurar wani man itace da ake kawowa daga ƙasashen Asiya. Gwamnatin mulkin mallaka ta so shawarar, sai dai ba ta son kashe kuɗi, En'e kuma ba ta da likitoci. Mafitar da aka samu a ƙarshen shekarun 1930 ita ce a danƙa zangunan kutare na Kano da Katsina da Sakkwato a hannun mishan ɗin SIM: Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina. Kafin nan an hana mishan sakewa a masarautun Musulmi, kuturta ce ta buɗe musu ƙofa, abin da ya jawo dogon ka-ce-na-ce a kan wa'azi da kuma 'ya'yan majinyata.

Allurar man nan tana da zafi, amfaninta kuma kaɗan ne. Abin da ya canza lamarin wata 'yar ƙwaya ce, dapsone, wadda Dokta John Lowe ya nuna a Uzuakoli, a gabashin Nijeriya, a ƙarshen shekarun 1940, cewa ana iya haɗiyarta ba sai an yi allura ba, kuma tana da arha. Daga nan aka fara ba kutare magani a ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka, mutum ya karɓa ya koma gonarsa. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin haɗa magunguna biyu ko uku, wanda ke warkar da cutar cikin ƙayyadadden lokaci. Gadaje suka fara zama fayau a zangunan da a da ba masaka tsinke. A shekarun 1970 gwamnati ta riga ta karɓi asibitocin mishan, saboda haka Babbar Ruga ta koma ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kaduna.

A cikin wannan hali ne wani likitan tiyata ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya iso Babbar Ruga a 1983. Aikin kuturta aka kawo shi yi. Sai ya tarar da wasu matan da al'umma ta guje su kamar yadda ta guje wa kutare, alhali ko ɗigon kuturta babu a jikinsu.

Ciwon nasu sananne ne, ko da yake ba a cika faɗin sunansa a bainar jama'a ba. Yarinya ta ɗauki cikin fari, ta tafi goyon ciki gidan iyaye, naƙuda ta zo, kunya ta hana ta yin magana da wuri. Kan jariri ya fi ƙarfin ƙugunta, ya sauko ya cije. Ungozoma ta yi nata, an sha rubutu, an sha jiƙe-jiƙe, kwana ɗaya, kwana biyu, wani lokaci uku. Duk wannan tsawon lokaci kan jaririn na danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji a jikin ƙashi, jini ba ya ratsawa, naman ya mutu. Galibi jaririn ma ba ya zuwa da rai. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya zube ya bar rami, fitsari ya riƙa bi ta nan dare da rana, wasu ma har da bayan gida. Wata kuma ƙafarta ke shanyewa saboda jijiyar da aka danne. Daga nan sai zarni, sai raba kwanon abinci, sai sau da yawa takardar saki.

Turawa ma sun sha wannan. A Alabama ta Amurka, a shekarun 1840, J. Marion Sims ya koyi ɗinkin wannan rami ne a jikin bayi mata baƙar fata, ba tare da maganin kashe zafi ba, abin da har yanzu ke zubar masa da mutunci a idon masu tarihi. Cutar ta ɓace a Turai da Amurka ne lokacin da tiyatar ciro jariri ta zama abin da kowace mace ke iya samu cikin sa'o'i kaɗan. A Afirka kuwa, ma'auratan nan likitoci, Reginald da Catherine Hamlin, sun buɗe asibiti na musamman don wannan ciwo a Addis Ababa a 1974.

A Arewa, Zariya ce ta fara ƙirga. Dokta Farhang Tahzib ya bi takardun mata 1,443 da aka yi wa magani a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello tsakanin 1969 da 1980, ya buga sakamakon a 1983. Fiye da kashi 80 cikin ɗari doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kimanin kashi 13 kuma yankan gishiri ne, wato yankan da ungozoma ko wanzami ke yi da aska ko reza a gaban mace da sunan magani. Bayan shekara biyu, a 1985, Farfesa Kelsey Harrison ya fitar da gagarumin bincikensa a kan haihuwa 22,774 da aka karɓa a jere a asibitocin Zariya. Kusan mace ɗaya cikin ɗari ta rasu, kuma mafi yawan mamatan waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, sai da abin ya ɓaci aka kwaso su. Harrison likitan mata ne, amma babbar shawararsa ba ta ɗakin tiyata ba ce: a sa kowace yarinya a makaranta, domin alƙalumansa sun nuna cewa macen da ta yi karatu ba kasafai take kwana uku tana durƙushe a ɗaki ba. Wannan bincike na cikin hujjojin da aka riƙa ambata lokacin taron duniya kan lafiyar masu haihuwa da aka yi a Nairobi a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ranar 23 ga Satumba.

Waaldijk ya ɗauki wannan ɗabi'a ta ƙirga ya kai ta maƙura. Kowace mace da ya ɗora a kan teburin tiyata sai ya rubuta shekarunta, haihuwa ta nawa, kwana nawa ta yi tana naƙuda, girman ramin da inda yake, irin ɗinkin da ya yi, da abin da ya biyo baya. Ba ya buƙatar manyan na'urori. Allurar baya yake yi a kashe rabin jiki, ya yi aikin ta ƙasa ba tare da buɗe ciki ba, idan ya gama ya zuba ruwa mai launin shuɗi a mafitsara, kowa ya zuba ido ko zai ɓullo. In bai ɓullo ba, ɗinki ya kama. Da waɗannan rubuce-rubuce ya sami digirin digirgir a Jami'ar Utrecht a 1989, a kan mata 775 na Arewacin Nijeriya, daga baya kuma ya fitar da tsarin rarraba ciwon zuwa aji-aji wanda likitoci a ƙasashe da dama ke amfani da shi. Yakan bar Katsina ya tafi Kano, inda aka buɗe sashen Laure a asibitin Murtala, ya leƙa Sakkwato da Zariya, ya tsallaka Jamhuriyar Nijar, yana aiki yana koyar da likitoci da malaman jinya.

Abu mafi daraja da rajistar Babbar Ruga ta haifar shi ne wanda ya fi kowane arha. A da ƙa'idar littattafan likitanci ita ce mace ta jira wata uku bayan haihuwa kafin a taɓa ta, don nama ya huce. Wata uku ya isa a ƙaurace mata, aure ya mutu. Waaldijk ya fara sa robar fitsari nan take, da zarar yoyo ya fara, a bar ta makonni huɗu zuwa shida tare da shan ruwa mai yawa, in ramin bai rufe ba a ɗinke da wuri. A 2004 ya buga sakamakon mata 1,716 a wata babbar mujallar likitocin mata ta Amurka: kimanin kashi 15 cikin ɗari sun warke da roba kaɗai, ba a sa musu wuƙa ba, kuma fiye da kashi 90 na jimillar ramin ya rufe. Robar nan ungozomar asibitin ƙauye ma na iya sa ta. Irin wannan hujja ce mai rubuta shawara ga gwamnati ke mafarkin samu, domin tana da lamba, tana da farashi, an kuma san wanda zai aiwatar.

Sai dai likita ɗaya, baƙo kuma, ba shi ke juya gwamnati ba. Waɗanda suka fitar da maganar daga ɗakin tiyata zuwa ofisoshi mata ne. A 1990 aka kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da yoyon fitsari, wanda daga baya ya zama gidauniya, kuma Hajiya Amina Sambo ta Kano, jigo a Majalisar Ƙungiyoyin Mata ta Ƙasa, ita ce a gaba. Su suka shiga gidajen gwamnati da fadojin sarakuna da gidajen rediyo, suka sa kalmar da ake faɗa da raɗa ta zama abin da kwamishina zai furta a gaban lasifika. Likitoci sun kawo alƙaluma, matan sun san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Ƙofar da ta fi kowace muhimmanci ita ce Majalisar Lafiya ta Ƙasa, inda ministan lafiya ke shugabanta, kwamishinonin lafiya na jihohi ke zaune. Nan ake gabatar da takardun shawara, kuma takardar tana da fasalinta: a faɗi manufa, a kawo tushen matsala, a kafa hujja, a rufe da roƙo, wato jerin abubuwan da ake so majalisar ta amince da su ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin ma'aikata sun san cewa wakilai da yawa roƙon kaɗai suke karantawa. Takardar da roƙonta ya ce a inganta lafiyar mata za ta sha tafi ta koma cikin kabad. Wadda ta ce jihohi su yi abu kaza, da fom kaza, a ƙarƙashin ofishi kaza, ita ke da damar rayuwa.

Ƙungiyar likitocin mata ta Nijeriya, SOGON, wadda aka kafa a 1965, ta nuna yadda ake yi. Maimakon ta tsaya kokawa a kan yawan mace-macen masu haihuwa, sai ta zauna, da tallafin uwar ƙungiyar ta duniya, ta tsara daftarin yadda kowane asibiti zai binciki kowace mutuwa ta mai ciki ko mai jego: wa zai cike fom, cikin kwana nawa, wa zai zauna a kwamiti, da sharaɗin cewa binciken na gyara ne, ba na neman wanda za a kora ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya sa malaman jinya da ungozomomi ba su yi wa tsarin tawaye ba. Majalisar ta amince da shi a 2013.

Ƙungiyar Likitoci ta Nijeriya kuwa, wadda ta faro a 1951 a matsayin reshen takwararta ta Birtaniya, ta ɗanɗana ɗacin akasin haka. Ƙudirin dokar lafiya ta ƙasa da ta mara wa baya ya shafe kusan shekara goma yana yawo. Majalisar dokoki ta zartar da shi a 2011, shugaban ƙasa bai sa hannu ba, kuma cikin abubuwan da suka kawo cikas har da rigimar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya da kansu a kan wa zai shugabanci wa. Sai a ƙarshen 2014 Goodluck Jonathan ya rattaba hannu. Dokar ta haramta wa asibiti ya kori mai buƙatar taimakon gaggawa, ta kuma ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Ko da haka, kuɗin bai shiga kasafi ba sai a 2018, da kimanin naira biliyan 55. Shekara huɗu ke nan tsakanin sa hannu da shiga kasafi.

A ɓangaren yoyon fitsari, takardu sun yi tasiri a fili. Bayan Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙaddamar da gangamin duniya a 2003, an yi aikin mako biyu a farkon 2005 a Katsina da Kano da Sakkwato da Kebbi, aka yi wa mata fiye da 500 tiyata, Babbar Ruga na cikin cibiyoyin. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta fitar da kundin tsare-tsare na musamman, ta sabunta shi na 2011 zuwa 2015, sannan na 2019 zuwa 2023. Gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin Babbar Ruga a matsayin cibiyar ƙasa, tare da ta Abakaliki da ta Ningi. Abin sha'awa, a ƙetaren iyaka ma tarihi ya maimaita kansa: a Danja ta kusa da Maraɗi, ba Danjar Funtuwa ba, an buɗe cibiyar yoyon fitsari a 2012 a harabar tsohon asibitin kutare na SIM, da ƙoƙarin Dokta Lewis Wall, Ba'amurken da ya fara zama a ƙasar Katsina yana nazarin magungunan Hausawa kafin ya koma ya karanta likitanci.

Akwai wani darasi da aka koya da kunya. Shekaru da dama jawabai da takardu suna yawo da adadin mata 400,000 zuwa 800,000 masu ciwon a Nijeriya, kowa na kwafa daga wani. Daga baya kundin ma'aikatar ya sauko zuwa kimanin 150,000, da sabbi kusan 12,000 a kowace shekara. Babbar lamba tana jan hankalin ɗan jarida, amma jami'in kasafi idan ya ga tazarar da ta kai haka tsakanin ƙiyasi biyu, sai ya fara shakkar sauran takardar. Mata 1,716 na Waaldijk, da kowacce ke da fayil, sun fi ƙarfin dubu ɗari takwas da ba wanda ya ƙirga.

Inda takardun suka gaza shi ne rigakafi, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗinki abu ne mai sauƙin rubutawa: gini ɗaya, likita kaza, gado kaza, a yanka kirtani a ɗauki hoto. Hana ramin faruwa kuwa ya rataya a wuyan mutane da yawa da ba sa zama a teburi ɗaya. Akwai maigidan da dole a jira izininsa, akwai hanyar da ruwan sama ya cinye, akwai direban da ke tsoron fita da dare a yankunan Batsari da Jibiya da Safana saboda 'yan bindiga, akwai asibitin da aka isa aka tarar ba jini, ba wuta, ba mai yin allurar baya. Masana sun daɗe da kasa wannan jinkiri gida uku, jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin cikin asibiti, amma takardun ƙungiyoyi sun fi zama a kan na ukun, domin nan ne mambobinsu ke aiki, nan kuma ake maganar alawus. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai biyu cikin goma ba.

Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009, zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, ya nufi tushen matsalar kai tsaye. An ɗauki sabbin ungozomomi da marasa aiki da waɗanda suka yi ritaya aka rarraba su ƙananan asibitoci. Amma an kasa haƙƙinsu tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, a wurare da yawa biyun ƙarshe ba su riƙa biyan nasu kason ba, masauki ma ya gagara, ungozomomi suka riƙa tattara kayansu. Takardar ta faɗi wanda ya kamata ya biya, ba ta faɗi abin da zai faru idan bai biya ba.

A 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta fara ɗaukar nauyin aikin yoyon fitsari kyauta, a watan Nuwamba na shekarar kuma ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Wannan ita ce shawarar da tarihin Babbar Ruga ke nuni gare ta tun shekaru arba'in, domin tiyatar da aka yi a kan kari ita ke hana mace ɗaukar bokiti. Saura a ga ko za ta isa ƙauye.

A nan ne rassan Katsina na ƙungiyar likitoci da ta malaman jinya da ungozomomi ke da aikin da ba wanda zai yi musu daga Abuja. Kowace mace da aka kwantar a Babbar Ruga an rubuta garin da ta fito da kwanakin da ta yi tana naƙuda, kuma wannan rajista na iya nuna wace hanya ce da wane asibiti ne ke yawan aiko da su. Jihar na da ƙananan hukumomi 34. Takardar da za su kai wa kwamishina da majalisar dokoki ta gaba ta fara da faɗin nawa ne cikin 34 ɗin ake iya yi wa mace tiyatar haihuwa da ƙarfe biyun dare, da jini a ajiye, sannan ta faɗi kuɗin da za a kashe kafin a cike sauran, da sunan ofishin da zai biya.